Guguwa ta yaye rufin sito, kamfanin inshora ya biya kaɗan: yadda za ku nemi cikon kuɗinku

A ƙasar Bodinga da Shagari ba ruwan farko ne ke tsorata mai sito ba, iskar da ke zuwa gabansa ce. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni hadari kan taso daga gabas da jar ƙura, cikin 'yan mintoci sai ka ga kwano yana yawo a sama kamar takarda. Daga Sifawa da Danchadi da Dingyadi har zuwa Kajiji da Dandin Mahe, da wuya ka sami garin da bai san wannan ba. Ga shi kuma lokacin ne sito ya fi cika: an shigo da taki da iri don damina, albasar rani tana ajiye ana jiran ta yi kuɗi, ga sauran gero da dawa.

Gaskiya ne mafi yawan manomanmu ba su da inshora. Amma ƙungiyoyin gama-kai da suka ci bashin banki, da masu ɗakin kaji, da masu injin casar shinkafa, da yawansu suna da ita, wasu ma ba su sani ba, don banki ne ya cire kuɗinta daga cikin bashin. To irin waɗannan ne ke kawo kuka iri ɗaya: kafinta ya ce gyara zai ci miliyan uku, kamfani ya aiko da takardar ƙasa da miliyan ɗaya, ya ce a sa hannu. Wani ya ce cuta ce, wani ya ce a karɓa a bar wa Allah. Kafin ku yi ko ɗaya, ku san yadda aka yi lissafin ya fito haka, domin wani ragin yana bisa ƙa'ida, wani kuwa ana iya ture shi.

Me aka yi wa inshorar tun farko?

Ku ɗauko takardar yarjejeniyar gaba ɗayanta, ba rasit kawai ba. Idan tana hannun banki ko ejan, ku nemi kwafi a rubuce, haƙƙinku ne. Ku sami wanda ya iya Turanci sosai a cikin ƙungiya, malamin makaranta ko malamin gona, ya karanta muku layi-layi.

Abin da za ku fara dubawa shi ne ko guguwa tana ciki. Inshorar gini a Najeriya galibi ta gobara ce, sai a ƙara mata wasu haɗurra kamar guguwa da ambaliya, a biya ƙarin kuɗi. Idan ta gobara ce zalla, rufin da iska ta ɗauke ba ya ciki, komai yawan gardamar da za ku yi. Haka nan inshorar amfanin gona da ta dabbobi. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, wadda tsarinta ya faro a 1987, tana da shirin da gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona da dabbobi. Wannan na shukar da ke gona ne ko kajin da ke ɗaki. Ɗakin kansa, da rufinsa, sai an yi masa tasa daban. Kayan da ke cikin sito ma haka, suna da nasu adadin daban da na gini.

Ku kuma duba abubuwan da aka cire. Sau da yawa za ku ga ba a biyan katanga da ƙyaure, da rumfar da ba ta da bango, da kayan da aka bari a fili, da rufin ciyawa ko zana. Ke nan rudun albasa da rumbun kara da wuya su shiga, sai in an ambace su da suna.

Inda kuɗin ke zubewa

Bari mu yi misali da lissafi, don nan ne gizo ke saƙa. A ce wata ƙungiya ta gina sito a 2022, ta yi masa inshorar naira miliyan 6, wanda shi ne kuɗin gina shi a lokacin. Kowace shekara ana sabuntawa a kan miliyan 6 ɗin nan, babu wanda ya taɓa ta. Kowa ya san abin da ya sami farashin siminti da kwano da katako tun da aka cire tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi a 2023. A ce yanzu gina irin wannan sito zai ci miliyan 15. Guguwa ta zo, gyaran rufi ya kama miliyan 3.

Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, wanda masu harkar ke kira ajasta. Shi ba ma'aikacin kamfanin ba ne, yana da lasinsa daban, amma kada ku manta kamfanin ne ke biyansa. Ga abin da zai yi.

Zai fara cire ragin tsufa. Zai ce kwanon da ya tashi ba sabo ba ne, ya sha rana da ruwa, kuma inshora ba ta ba mutum sabo a madadin tsoho sai in an rubuta hakan. A ce ya cire kashi 20 cikin 100. Miliyan 3 ta koma miliyan 2 da dubu 400.

Sannan ya shigo da sharaɗin rabon asara, wanda suke kira abareji. Ma'anarsa, tunda gini na miliyan 15 ne kuka yi masa inshorar miliyan 6, to kashi 40 cikin 100 kawai kuka ɗora wa kamfani, sauran kashi 60 kun ɗauka da kanku. Saboda haka kowace asara, babba ko ƙarama, kashi 40 za a biya. Miliyan 2 da dubu 400 ta koma dubu 960. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda asararsu ba ta kai miliyan 6 ba za a biya su duka. Ba haka abin yake ba, kuma wannan sharaɗin shi ne ya fi kowanne cin kuɗin manoma.

Daga ƙarshe ya cire kason farko da ke kan mai inshora a kowace asara, wato ekses. A ce dubu 100 ne. Abin da ya rage dubu 860. Daga miliyan uku!

To ina za a kama? Ku lura da kyau. Mai ƙiyasin ya rage kuɗin gyara saboda tsufa, amma da ya zo auna darajar ginin sai ya yi amfani da kuɗin gina sabo fil. Wannan auna abu ɗaya ne da mudu biyu. Idan a kan tsohon gini ake lissafi, to darajar ginin ma a cire mata tsufa: miliyan 15 a cire kashi 20 ta zama miliyan 12. Miliyan 6 cikin 12 rabi ne, ba kashi 40 ba. Rabin miliyan 2 da dubu 400 shi ne miliyan 1 da dubu 200, a cire dubu 100, saura miliyan 1 da dubu 100. Kun ga an sami ƙarin dubu 240 ba tare da an tayar da jijiyar wuya ba. Idan kuwa takardarku ta ce za a mayar da gini sabo ne, to ba a cire ragin tsufa kwata-kwata, muddin kun yi gyaran.

Ita kanta miliyan 15 ɗin, wa ya ce haka take? Idan mai ƙiyasi ya kumbura darajar gini, kasonku ne ke raguwa. Ku tambaye shi yadda ya same ta. Wani lokaci awon ginin birni ake ɗora wa siton ƙauye mai bulo da daɓen siminti, wani lokaci a haɗa da katanga ko rumfar da ba sa cikin inshorar, ko ma kuɗin fili, alhali fili iska ba ta ɗaukarsa kuma ba a yi masa inshora. Ku sa magini ya auna tsawo da faɗi ya fitar da lissafin bulo da siminti da rodi da katako a farashin Sakkwato na yau. In da hali ku biya ƙwararren mai ƙiyasin gine-gine ya sa hatiminsa, takardarsa ta fi nauyi a gaban kamfani.

Sai kuɗin gyaran kansa. A nan ma akan yi ƙwange. Ku duba ko an lissafa bandir nawa na kwano, kuma mai wane kauri, don ba daidai ba ne a cire muku mai kauri a lissafa muku mai laushi. Ku duba katako, tu-bai-fo nawa, tu-bai-tu nawa, da ƙusa, da silin in akwai, da layin bulo na sama da kan tsage idan rufi ya fizge. Ku duba ladan kafinta, da kuɗin motar da za ta ɗauko kaya daga Sakkwato zuwa garinku, wanda wanda ya zo daga nesa bai cika tunawa da shi ba. Ku karɓo farashi a rubuce daga shaguna biyu ko uku, da kwanan wata da hatimi. Idan kun sake kwanon shekara biyu da suka wuce kuma rasit yana nan, babu dalilin cire masa tsufan shekara goma.

Idan suka ce ba iska ba ce

Wata hanyar rage kuɗi ita ce a ce rufin da ma ya lalace: gara ta ci katako, tsatsa ta ci bakin ƙusa, iska ƙarasawa kawai ta yi. Inshora ba ta biyan lalacewar yau da gobe, wannan gaskiya ne. Amma rufin da ya tsaya damina huɗu ko biyar bai faɗi ba sai ranar da aka yi guguwa, ai akwai magana.

A nan hujja ce ke aiki, gani ya kori ji. Hotuna da bidiyon waya na safiyar ranar, kafin a taɓa komai, sun fi kowace rantsuwa. Kada ku ɗauki naku ginin kawai. Ku ɗauki gidajen maƙwabta, da dogon yaron da ya faɗi, da turken wuta da ya karye, da makaranta ko masallacin da shi ma ya rasa rufi. Ku ɗauki bakin katakon da ya karye kusa-kusa, domin karaya sabuwa a lafiyayyen katako fara ce tas, ba ta kama da wadda gara ta ci. Ku karɓi takardar shaida daga mai gari ko uban ƙasa. Idan jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko na ƙaramar hukuma sun zo sun rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, ku tabbata sunan ƙungiyarku ya shiga, ku nemi shaidar hakan. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana da tashar awo a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke kan hanyar Bodinga, ana kuma iya neman rahoton yanayin wata rana a wurinta a rubuce. Mutanen Bodinga sun yi sa'a a nan, tashar na kusa da su. Na Shagari su haɗa da shaidar gari, don guguwa takan daki wannan ƙauye ta tsallake na gaba.

A tuna, abin da SEMA ko NEMA ko wani ɗan siyasa zai kawo, bandir ɗin kwano ko buhun siminti, tallafi ne. Abin da ke tsakaninku da kamfani kuwa yarjejeniya ce da kuka biya kuɗi a kanta. In an tambaye ku ko kun sami tallafi, ku faɗi gaskiya.

Gaskiyar nan ta shafi komai. Kada wani ya ba ku shawarar ƙara buhu hamsin a kan abin da ya jiƙe, ko a sa mai shago ya ninka farashi wai don in an rage a dawo daidai. Kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗin cewa wanda aka kama da ƙarya a neman diyya ya rasa duka, har da abin da yake da gaskiya a kai. Masu ƙiyasin nan kuma sun san farashin kasuwa.

Abu biyu kuma da ake yawan yin kuskure a kansu a kwanakin farko. Wasu kan bar sito a buɗe suna jiran kamfani ya zo ya gani, ruwa na biyu ya zo ya narkar da taki, sai kamfani ya ce wannan sakacinku ne. Ku ɗauki hoto, ku rufe da tamfol, ku kwashe kaya zuwa inda ba ya yoyo, ku ajiye rasit ɗin abin da kuka kashe. Wasu kuma kan sayar wa 'yan gwangwan tsohon kwanon tun kafin a zo dubawa. Ku tara shi wuri ɗaya ku bar shi, shi ne shaidarku, kuma kuɗinsa ma yana shiga lissafi. Sanar da kamfani kuwa a yi shi nan take, a rubuce, ko da saƙon waya ne a fara da shi. Takardarku ta faɗi adadin kwanakin da aka ba ku ku kawo cikakken bayani, kada ku bari su wuce.

Takardar da ba a gaggawar sa wa hannu

Idan kamfani ya gama lissafinsa zai aiko da takardar sallama. A cikinta akwai jimlar da ke cewa kun karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Da zarar shugaba da sakatare sun sa hannu, ko an dangwala yatsa, magana ta kusa ƙarewa, komawa baya sai da wahala ƙwarai. Kamfani ya san damina ta kawo jiki, ya san kuna cikin matsi. Ejan ma yakan ce, "Alhaji, ku sa hannu kawai a fara biya, sauran ma bi daga baya." Idan sauran bai shiga takarda ba, babu shi.

Abin yi shi ne ku rubuta wasiƙa. Ba sai ta yi tsawo ba, kuma babu zagi a ciki. Ku sa lambar takardar inshorarku da lambar neman diyyar, ku ce kun ga tayin naira kaza kuma ba ku amince da shi ba. Ku nemi a ba ku lissafin dalla-dalla, da sharaɗin da aka dogara da shi a kowane ragi. Sannan ku bi abubuwan da kuke jayayya a kai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa a maƙale, ku faɗi adadin da kuke ganin shi ne daidai. Ku nemi a sake zuwa a duba ginin a gaban kafintanku. Ku kuma nemi a biya ku abin da babu jayayya a kansa tukuna, a rubuta cewa wani ɓangare ne na biya, don ku fara rufi. Ba kowane kamfani ke yarda ba, amma ana yi, kuma tambaya ba ta cin kuɗi. Ku ba su mako biyu, ku kai wasiƙar da hannu a buga muku hatimi a kan kwafinku, ko ku tura ta imel.

Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya ya riƙa magana da yawunta, a rubuta hakan a littafin taro. Idan yau ma'aji ya kira ya ce an yarda, gobe sakatare ya ce ba a yarda ba, kamfani ne ke cin riba. Idan ta hannun dillalin inshora mai rajista kuka shiga, ku sa shi gaba, domin dillali wakilinku ne, ba kamar ejan ba wanda yake wakiltar kamfani. Idan kuma banki ne ya yi inshorar saboda bashi, ku sani sau da yawa kuɗin ta hannunsa zai biyo, kuma yana iya amincewa da tayin da ya ishe shi cike gurbin bashinsa ku ku tashi a tutar babu. Ku rubuta wa manajan reshe tun da wuri cewa kada a amince da komai sai da saninku.

Idan kamfani ya toshe kunne

Kowane kamfanin inshora yana da sashen karɓar koke, ku fara da shi. In babu amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai hukumar da ke kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997. Hedikwatarta na Abuja, tana da ofishin shiyya a Kano, tana kuma da sashen sauraron ƙorafi, ba a biyan ko sisi. Ku tura mata kwafin komai: takardar inshora, shaidar biyan kuɗi, tayin kamfani, wasiƙunku da hotuna. Kamfanoni ba sa son takarda daga NAICOM, don ita ke riƙe da lasinsu. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa kamfanin da ya ƙi biya ya faɗi dalilinsa a rubuce, ta kuma sa wa'adin kwana 90 na biya bayan takardar sallama. A watan Agustan 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda ta ƙara matsa wa kamfanoni kan biyan diyya cikin lokaci. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ke karɓar irin wannan koke.

Shaidar biyan kuɗin nan kada a raina ta. Ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu inshora. Idan wani ya karɓi kuɗinku bai kai ba, rasit ne kawai zai fitar da ku.

Waɗanda suka shiga takaful, irin tsarin da kamfanoni kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful ke gudanarwa bisa shari'ar Musulunci, hanyar duk ɗaya ce, su ma NAICOM ke kula da su. Ƙari a kan haka kowane kamfanin takaful yana da kwamitin malamai masu sa ido, ana iya aika musu kwafin koke. Sai dai kada a ɗauka cewa a takaful babu ragin tsufa ko rabon asara, suna nan.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a ganina ƙaramar ƙungiya ta yi lissafi sosai kafin ta je. Yawancin takardun inshorar gini suna cewa idan saɓanin a kan yawan kuɗi ne kawai, sai an fara zuwa gaban mai sasanci da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Da yawa kuma suna da wa'adi, galibi wata 12, wanda in ya wuce ba a ɗauki mataki ba haƙƙin ya faɗi. Ku nemo wannan layin a takardarku ku rubuta ranar a bangon ofis, domin "muna dubawa, ku ƙara haƙuri" tana iya cinye shekara. Idan bambancin dubu 200 ne, lauya da zirga-zirgar Sakkwato za su iya cinye shi. Idan miliyoyi ne, ku ga lauya tun kafin wa'adin ya matso.

Sabuntawa ta gaba kuma kada ta zama sa hannu kawai. Kafin watan Afrilu ku sa magini ya sake ƙiyasta kuɗin gina siton a farashin ranar, a ɗaga adadin inshorar ya kai nan. Ƙarin kuɗin da za ku biya kaɗan ne idan aka gwada da kashi 60 da ƙungiyar misalinmu ta rasa. Ku tambaya nawa ne bambanci idan aka rubuta muku sharaɗin mayar da gini sabo. Ku tabbata sunan da ke takardar shi ne sunan da ƙungiya ta yi rajista da shi, an kuma rubuta garin da siton yake daidai. Littafin shige da ficen kaya ya riƙa cika kowane mako, don shi za a nema idan buhuna suka jiƙe. Sannan kafinta ya hau ya duba: a ɗaure katakon rufi da rodi ko langalanga a jikin bango, a sake wanda gara ta taɓa, a ƙara ƙusa a gefen gabas inda iska ke fara kamawa. In ya gama ku ɗauki hoton aikin, ku haɗa da rasit ɗinsa a cikin fayil ɗin inshorar.